Oba-oba ta Mai Haya, Mabuɗi na Kamfani

Duk inda ake ɗaukar babban fim a Amurka, da wuya a ga ma'aikacin da babu oba-oba a ƙugunsa, kuma shekaru da dama ƙirar da ta mamaye fagen ita ce Motorola CP200 mai tashoshi 16. Tasha ta farko ta mataimakan darakta ce, ta biyu ta keɓewa ce idan mutum biyu za su ja zance, sauran a raba wa masu kyamara da masu fitila da direbobi. Masu shirya fim ba sa sayen waɗannan na'urori. Hayarsu suke yi na 'yan makonni, su mayar, washegari a ɗora su a mota zuwa filin wasa ko wurin gini ko babban taro.

Tsakanin dawowa da sake fita akwai aikin da abokin ciniki ba ya gani, alhali shi ne gundarin sana'ar. Kowace oba-oba tana ɗauke da kundin saiti: mitar da za ta yi magana a kai, mitar da za ta saurara, faɗin tasha, ƙarfin da za ta fitar, da siririn amon da ke hana ta buɗe baki ga kiran da ba nata ba. Wanda ya karɓa jiya da wanda zai karɓa gobe ba lallai bukatarsu ta zo ɗaya ba, don haka sai an sake rubuta kundin. Rubutun yana bukatar kwamfuta da manhaja da kebul. Kwamfutar kaɗai ce ta mai shago. Sauran biyun kamfanin da ya ƙera na'urar ya riƙe su tamau. Mutumin da ya biya kuɗin oba-oba 300 lakadan, ya kuma mallaki lasisin mitocinsa, ya zama ɗan haya a cikin dukiyarsa.

A fara da manhaja. Motorola tana da tata da take kira CPS, kuma kusan kowane dangin na'urori da irin tasa. Kenwood tana da jerin KPG, lamba bayan lamba, sababbin cikinsu suna neman mabuɗin lasisi kafin su yi aiki. Samun su ta halastacciyar hanya yakan bi ta hannun dila ko ta asusu a shafin kamfanin. Akwai kuma tarkon da ke tafiya gaba kawai: idan sabuwar manhaja ta rubuta wa na'ura saiti, tsohuwa takan ƙi karanta ta daga ranar. Na'ura ɗaya da ta je gyara ta dawo tana iya tilasta wa shago sabunta komai. Tsofaffin ƙirar Motorola irin su GP300 kuwa, manhajarsu ta zamanin DOS ce, ba ta jituwa da kwamfuta mai sauri, ga wani akwatin haɗi na daban da sai an sa shi a tsakani. Shi ya sa bayan kantar tsohon shagon haya yakan yi kama da gidan adana kayan tarihi: kwamfutoci uku ko huɗu masu tsufa daban-daban, kowace ana lallaɓa ta saboda dangin na'ura guda.

Batun kebul ya fi ban haushi, domin ƙanƙantarsa. A yi adalci tukuna: mahaɗin gefe mai tsinke da yawa da ake ɗaurewa da noti a manyan na'urori yana da dalili, yana hana ruwa da ƙura shiga, ba ya kuma zarewa idan an fizgi lasifikar kafaɗa. Amma wane dalili ne ya sa mahaɗi mai tsinke biyu na Motorola da mai tsinke biyu na Kenwood suka yi kama a ido, tazararsu ta bambanta, wannan ba ya shiga ramin wancan? Kebul na asali yana da tsada, don haka kasuwa ta cika da kwaikwayo. A cikin kan kebul ɗin akwai ɗan cip mai fassara tsakanin USB da harshen na'urar, kuma shahararrun masu ƙera shi, Prolific da FTDI, an daɗe ana buga jabun kayansu. Prolific ta mayar da martani da sababbin direbobin Windows masu ƙin yin aiki da jabu, abin da ya jefa dubban masu gyara cikin farautar tsohon direba a lungunan intanet. FTDI ta wuce nan. A Oktoban 2014 wani direbanta da ya shigo ta sabuntawar Windows ya riƙa goge lambar shaidar duk cip ɗin jabu da ya tarar, kebul ya daina aiki, har sai da ihun jama'a ya sa aka janye shi. Wanda ya buga jabun yana can lafiya lau. Wanda ya ɗanɗana kuɗarsa shi ne mai shagon da ke da na'ura 80 a kan tebur, motar ɗauka tana jira da asuba, kuma ba shi da hanyar gane cip na gaske daga bayan roba.

Hujjar kamfanoni sananniya ce, kuma ba ta wofi ba ce: mitocin sararin sama amana ce ta kowa, idan aka sakar wa kowa manhaja wani zai hau mitar 'yan sanda ko ta motar asibiti. Sai dai dokar Amurka da kanta ta riga ta raba wannan gardama. Sashe na 90 na ƙa'idojin hukumar sadarwa ta FCC ya hana amincewa da na'urar da mai riƙe da ita zai iya buga sabuwar mita da madannan jikinta, amma ya bar wa ma'aikatan gyara da kulawa damar saitawa. Ya kuma haramta wa kowa shigar da mitar da mai lasisi ba shi da izininta. Wato alhakin yana wuyan wanda ya saita, hukunci kuma yana hannun hukuma. Babu inda aka naɗa kamfani mai gadin ƙofa.

Kuma ƙofar da ake gadin tuni katangarta ta rushe. Baofeng UV-5R ta ƙasar Sin, wadda kuɗinta bai kai na kebul ɗin asali na wasu manyan na'urori ba, ana buga mata mita da yatsa daga 136 zuwa 174 megahaz, da kuma daga 400 zuwa sama. A Satumban 2018 FCC ta fitar da gargaɗi kan shigo da ire-iren waɗannan na'urori marasa izini. Mai niyyar ɓarna ba ya bin layin dila. Makullin yana kama mai gaskiya ne kaɗai, sa'an nan ya tura shi ga manhajar da aka fasa, wadda ba a san abin da aka cusa a cikinta ba.

Illar ba ta tsaya a Amurka ba. Daga 1 ga Janairun 2013 FCC ta wajabta wa masu lasisin kasuwanci komawa tasha mai faɗin kilohaz 12.5 maimakon 25, sai Motorola ta toshe zaɓin 25 a manhajarta ta Arewacin Amurka, sai da mabuɗi na musamman. Na'urorinta na zamani kuma rabe suke yanki-yanki, manhajar wani yanki ba ta karɓar na'urar wani. Idan shagunan haya na can suka sallami tsofaffin kayansu, wasu sukan ƙare a matsayin gwanjo a Legas, daga nan su haura Abuja da Kano, hannun kamfanonin gadi da masu shirya taruka. Nijeriya tana yankin Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka a lissafin kamfanin, saboda haka mai gyara da ke da halastacciyar manhajar yankinsa yana iya jona na'urar ta ƙi shi. Idan tsohon mai ita ya bar kalmar sirri a kan kundin, an ƙara kulle a kan kulle. Dokar wata ƙasa da mantuwar wani baƙo suka taru suka mayar da lafiyayyar na'ura kayan bola.

Ba a rasa shaidar cewa akwai wata hanya ba. CHIRP, manhajar kyauta da masu sha'awar rediyo suka gina, tana saita ɗaruruwan ƙira na kamfanoni daban-daban daga allo guda, duk da cewa yawancin harsunan na'urorin sai da aka tono su da wahala domin masu ƙira ba su bayyana ba. Abin mamaki ma, tun 2005 hukumar ETSI ta Turai ta wallafa ƙa'idar DMR a buɗe, har oba-oba ta Hytera tana gaisawa da ta Motorola ta iska. An daidaita maganar da ke keta kilomita, an ƙi daidaita wadda ke bin kebul mai tsawon kamu biyu. Dokar Tarayyar Turai da ta wajabta USB-C daga ƙarshen 2024 ta lissafa wayoyi da kyamarori da madannan kwamfuta, oba-oba ba ta cikin jerin.

Kafin 'yan majalisa su waiwayo, akwai abin da ke hannun masu saye. Shagon da zai yi odar na'ura 500 yana da murya a gaban dila, kuma ya kamata ya yi amfani da ita tun kafin ya sa hannu: a rubuta a yarjejeniya cewa manhaja da sabuntawarta suna tafe da kayan har iyakar rayuwarsu, kebul na asali yana cikin kwali, kundin saiti da kalmar sirri mallakar mai saye ne, kuma ranar da zai sayar da na'urorin za a buɗe wa wanda ya saya. Dilan da ya ƙi waɗannan sharuɗɗa, akwai wani dila a gaba.