Daga Goyo Zuwa Sanda: Darasin Kwaleji da Ya Kamata Ya Biyo Mu Cikin Aji

'Yan uwa malamai, duk wanda ya riƙe takardar shaidar malanta ta NCE ya ratsa darasin girma da bunƙasar ɗan Adam, inda ake bayanin yadda jiki da hankali da ɗabi'a suke sauyawa tun daga ciki har zuwa tsufa. Abin da aka saba gani shi ne ɗalibi ya haddace sunayen masana da matakan da suka jera, ya juye su a takardar jarrabawa, ya karɓi sakamakonsa, ya naɗe littafin ya jefa a akwati. Ra'ayinmu a nan shi ne, a duk darussan kwaleji babu wanda malamin firamare a yankin Funtua da Malumfashi ya fi bukata kamar wannan, kuma ya kamata reshenmu ya ɗauke shi a matsayin aikin ƙungiya.

Manomi ya san cewa auduga da masara ba su da kalanda ɗaya. Ya san lokacin noman farko, ya san lokacin zuba taki, ya san cewa takin da aka zuba bayan masara ta gama fitar da goyo asarar kuɗi ce. Malami ma haka. Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1980, ya raba bunƙasar tunanin yaro gida 4. Abin da ya fi shafarmu shi ne cewa yaro tsakanin shekara 7 zuwa 11 yana fahimtar abu ne idan ya gan shi, ya taɓa shi, ya juya shi a hannunsa. Tunani a kan abin da ido bai gani ba yana ƙarfi ne daga baya. Wannan shi ne dalilin da ya sa ɗan aji biyu zai rera jadawalin sau tun daga farko har ƙarshe, amma a ba shi tsakuwa 12 a ce ya raba wa mutum 3, sai ya tsaya yana kallon malam. Malamin da ya riƙe wannan ba zai kira yaron daƙiƙi ba. Zai aika a samo kara da tsakuwa da marafen kwalba, ya fara daga inda hankalin yaron yake.

Akwai kuma abin da ya riga aji. Likitoci sun daɗe suna jan hankali a kan kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, domin a nan ne ƙwaƙwalwa take saurin ginuwa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Yaran da aka auna a wancan lokaci sun iso ajujuwanmu, mun kira sunayensu a rajista. Abin takaici, muna zaune ne a yankin da manyan motoci suke lodin hatsi daga kasuwanninsa zuwa sassan ƙasa. Yaron da ya zo makaranta da cikinsa babu komai, ko wanda tamowa ta taɓa tun yana goye, bulala ba za ta buɗe masa kai ba. Sanin haka yana sauya yadda malami zai yi magana da uba a taron iyaye da malamai, ya nuna masa cewa waken soyan da yake kai wa kasuwa kaf, tiya ɗaya daga cikinsa idan ta shiga kunun yara ta fi masa riba.

Mun san abin da wasu abokan aiki za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko, waɗannan nazarce-nazarce na Turawa ne, a kan 'ya'yansu aka yi su. Gaskiya ne Piaget ya fara ne da lura da 'ya'yansa 3, sannan da yaran birnin Janiba. Amma an gwada aikinsa a wurare da yawa, har da nan gida: Douglas Price-Williams ya yi gwajin a tsakanin yaran Tibi, ya buga sakamakon a 1961, ya kuma samu cewa suna bin matakan. Abin da ke bambanta daga al'umma zuwa al'umma shi ne shekarun da ake kai wa kowane mataki da irin abin da yaro ya saba da shi. Yarinyar da take tallar gyaɗa tana mayar da canji ba ta kuskure, yaron da yake bin ubansa kasuwar Dandume ya san tiya nawa ke cikin buhu. Lev Vygotsky, masanin Rasha, ya yi bayanin cewa yaro yana koyo ne ta hanyar yin aiki tare da wanda ya fi shi sani, a ɗan tallafa masa har ya iya shi kaɗai. Kowane maƙeri da kowane tela a garuruwanmu haka yake horar da yaronsa, ko bai taɓa jin sunan ba.

Ban da haka, Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Harshenmu ya raba rayuwa daki-daki: jariri, yayayye, yaro, saurayi da budurwa, magidanci da matar aure, dattijo, tsoho. Al'ada ta sa yaye a wajen shekara 2, addini ya ce a umarci yaro da salla a shekara 7, wato daidai inda masana suka ce tunani yana sauya salo. Masanin Kamaru, Bame Nsamenang, ya buga littafi a 1992 yana kira da a fahimci girman ɗan Afirka ta fuskar al'ummarsa, inda ake auna girma da irin nauyin da yaro ya fara ɗauka. Ga kuma littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a ƙasar Zazzau, maƙwabtanmu, aka buga a 1954. Rayuwar mace ce Bahaushiya tun daga ƙuruciya har tsufa. Mai neman misali na gida ba zai rasa ba.

Magana ta biyu ita ce cunkoso. Malamin da yake gaban yara fiye da yadda benci zai ɗauka, ina ya ga sukunin lura da kowane ɗaya? Wannan koke ne na gaskiya, kuma ƙungiya ba za ta daina neman a ɗauki ƙarin malamai ba. Sai dai cunkoson ne ma yake ƙara wajabta sanin. A aji ɗaya na ƙauye za ka tarar da ɗan shekara 5 da uwarsa ta turo don ya bar ta ta yi aiki, da ɗan shekara 10 da ya fara da makarantar allo, suna zaune a tabarma ɗaya. A aji shida akwai yarinya da ta fara ganin jinin al'ada, ta daina zuwa saboda makarantar ba ta da makewayi, a rubuta mata fashi ba tare da an tambayi dalili ba. Akwai yaran da iyayensu suka baro ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara saboda 'yan bindiga. Tun bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, babu mahaifin da bai san tsoro ba a wannan yanki. Yaron da ya ga tashin hankali yakan firgita da ƙarar ƙofa, ya kasa riƙe karatu, wani ma ya koma fitsarin kwance. Wanda ya karanci bunƙasar yaro zai gane alamun, wanda bai karanta ba zai ce taurin kai ne.

Ga wata al'ada da ta kama gindi, wadda ya kamata mu fito mu soke ta da murya ɗaya: cire yaro daga aji huɗu ko biyar a kai shi sakandare don an ga yana da kai. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi shekara 9 na ilimin tushe, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Wayon karatu daban, nunar hankali daban. Yaro ɗan shekara 9 da aka jefa cikin samari 'yan shekara 14 zai iya cin jarrabawa, amma ba zai iya kare kansa daga zaluncinsu ko ruɗinsu ba. Mu malamai ma iyaye ne, kuma kada 'ya'yanmu su zama misalin da za a kafa mana hujja da shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai dai darasin bai tsaya a ƙuruciya ba, kuma a nan ne aka fi yi masa rowar kulawa. Erik Erikson, a littafinsa na 1950, ya jera matakai 8 daga haihuwa har mutuwa. Ya ce babban abin da yake gaban mai matsakaitan shekaru shi ne ya raini na bayansa, in ba haka ba rayuwarsa ta tsaya cik kamar ruwan kududdufi. Mu da muke cikin shekarun arba'in, wannan bayaninmu ne: ga 'ya'ya a makaranta, ga tsofaffin iyaye a gida, ga albashi ɗaya. A 2022 aka sa hannu a dokar tarayya da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Ke nan tambayar da ke gabanmu ita ce yadda malami mai shekara 62 zai tsaya a gaban aji. Masana sun nuna cewa saurin kama sabon abu yana raguwa da shekaru, amma tarin sani da ƙwarewar harshe da iya hukunci suna daɗewa, har su ƙaru. Ido yana bukatar tabarau, hawan jini yana bukatar awo, ƙafa ba ta jure tsayuwar awa biyar. Hikima ita ce a ɗora wa dattawanmu horar da sababbin malamai da sasanta tsakanin makaranta da gari, a rage musu ɗawainiyar da jiki ba ya ɗauka. Da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka muna ba reshe shawarwari 3. Na farko, a ware awa ɗaya a taron kowane zangon karatu don bitar mataki ɗaya na rayuwa, a gayyato malamai daga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, ko kwalejin tarayya ta Katsina, tare da ma'aikacin lafiya daga asibitin garinmu. Na biyu, kowane shugaban makaranta ya nemi takardar haihuwa lokacin ɗaukar yara, inda babu ita a tantance shekarun tare da iyaye da mai unguwa, domin malami ya san wa yake koyarwa. Na uku, ɗaliban kwaleji da suke zuwa mana koyarwar gwaji, mu roƙi malamansu su ɗora wa kowannensu bin yaro ɗaya har ƙarshen zango: abin da yake ci, aikin da yake yi kafin ya zo da bayan an tashi, wasan da yake so, abin da yake tsoro. Rahoton shafi biyu a kan yaron Bakori ko na Ƙafur zai zauna masa a kai fiye da babi goma na hadda.

Ƙungiyarmu ta Malamai ta Nijeriya, tun kafuwarta a 1931, tana fafutukar a ɗauki koyarwa a matsayin sana'ar ƙwararru. Likita ana girmama shi ne don ya san jiki. Malami kuwa abin da zai nuna shi ne ya san mutum, ya san abin da ɗan shekara 6 zai iya da abin da sai an jira shi. Da wannan sani ne za mu tsaya gaban hukuma mu faɗi dalilin da ya sa cushe yara 100 a aji ɗaya zalunci ne, mu tsaya gaban iyaye mu faɗi dalilin da ya sa ba a tsallake aji. A zaro littafin nan daga akwati, a kaɗe masa ƙura, a zo da shi taro mai zuwa.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba dattawanmu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu.