Sitikar "Core i7" ba ta yin editin: zare ga ɗalibai masu son sayen kwamfuta

1/
Zan faɗi maganar da wasu masu shago ba za su so ba. Ɗaliban da ke tara kuɗi don sayen laptop ta editin bidiyo, da yawanku sitika kuke saya, ba inji ba. A ce maka "ai i7 ce", kai kuma ka zaro kuɗin da ka yi wata shida kana tarawa. Haba ɗan'uwa. Zauna mu yi lissafi. 🧵

2/
"Core i7" sunan gida ne kawai, kuma a gidan akwai kaka akwai jika. Abin da za ka duba shi ne lambar da ke bayan sunan. i7-4600U, lambar farko 4, wato ƙarni na 4, na shekarar 2013. i5-8250U ƙarni na 8 ne, na 2017. Idan ka ga irin 1135G7, lambobi biyu na farko za ka karanta, ƙarni na 11.

3/
Ga inda ake yanka mutane: i7-6600U da i7-7500U inji biyu-biyu ne a cikinsu. i5-8250U kuwa inji huɗu. A wajen fitar da bidiyo, i5 ɗin nan zai gama ya bar waccan i7 tana nishi, fanka na kuka kamar janareta. Amma sau da yawa wadda ta fi rauni ake tsauwala wa kuɗi, don an san 7 ɗin ce ke ruɗin ku.

4/
Kuma ba maganar gudu kaɗai ba ce. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance kusan daga ƙarni na 8 na Intel yake farawa. To in wani ya miƙo maka ƙarni na 6 yana cewa "sabuwa ce dal, ko ƙwarzane babu", ka ce masa fenti ba ya rendarin.

5/
Yanzu 'yan tuffa. Na san za ku cika min wajen tsokaci, bismillah. MacBook Air ta 2017 da ake yawo da ita a makarantu ana ɗaga kafaɗa, furosesanta ƙarni na 5 ne, inji biyu. Kyau kam akwai shi. Ka ɗora mata bidiyon 4K ka ga yadda kyau ke ƙarewa.

6/
Ban ce duk Mac shirme ba ce. Wadda ke da M1, daga ƙarshen 2020, injin kirki ce, ga riƙe caji. In aljihunka ya kai, saya, Allah ya sa albarka. Sai dai ka sani RAM ɗinta a manne yake, 8GB ka saya, 8GB za ku rabu. Abin da nake yaƙa shi ne cin bashi don tambari.

7/
To me za ka nema? Uku ne, bi da bi:
• Furosesa: i5 ƙarni na 8 zuwa sama, ko Ryzen 5 mai shekaru irin haka
• RAM: 16GB, ko 8GB mai gurbin ƙari
• SSD, ba tsohon faifan nan mai juyawa ba
1TB na HDD da ake yi maka talla da shi, SSD 256GB ya fi shi amfani nesa ba kusa ba.

8/
Misalai, kada a ce surutu kawai nake: ThinkPad T480, HP EliteBook 840 G5, Dell Latitude 5490. Kwamfutocin ofis ne na hannu, ba su da ƙyale-ƙyale, amma kowacce tana da gurbin RAM biyu. Yau ka saya da 8GB, in aikin biki ɗaya ya faɗo ka ƙara 8. Haka talaka ke gini, bulo bayan bulo.

9/
"Sai da katin girafik." Wa ya ce? In DaVinci Resolve za ka yi da gyaran launi mai nauyi, eh, yana son kati da RAM 16GB. Amma mai yanka bidiyon TikTok, wa'azi, tallan atamfa ko kamu a CapCut, Shotcut ko Kdenlive, Quick Sync da ke cikin furosesan Intel yana ɗaukar masa babban kaso na nauyin.

10/
Ga sirrin da kyauta ne: furoksi. Manhajar za ta yi maka ƙaramin kwafin bidiyon, ka yi yankanka a kansa sumul, lokacin fitarwa ta koma kan na asali. Sannan in a waya za a kalli aikinka, 1080p ya wadatar. WhatsApp ma matse shi zai yi. Me ya kai ka 4K?

11/
Masu cewa "haɗa tebur kawai, ta fi arha", gaskiya ne a takarda. Amma a hostel kake, wuta kuma sai ta ga dama. Kwamfutar tebur ba ta da batir, a ɗauke wuta ana tsakiyar rendarin, shi ke nan. Haka laptop ta gem mai zuƙe caji kafin ka gama shan shayi. Lissafin da babu NEPA a ciki ba na nan ƙasar ba ne.

12/
Ranar saye, kada kunya ta cuce ka. Buɗe Task Manager ka karanta cikakken sunan furosesa da idonka. Rubuta powercfg /batteryreport ka ga lafiyar batir. Je da bidiyonka a filas, ka ɗora, ka fitar a gabansa. Wanda ya hana ka gwaji ya riga ya ba ka amsa.

13/
Canjin da ya rage kada ka ƙone shi a jaka mai walƙiya. Sayi ƙaramin makirufo da faifan ajiya na waje. Mutane suna yafe hoto mai ɗan duhu, ba sa yafe sauti mai ƙara. Kuma kwastoma bai taɓa tambayar tambarin kwamfuta ba, aiki yake so ranar da aka yi alkawari.

14/
Kuɗin nan wani na kuɗin makaranta ne aka rage, wani mahaifiyarsa ce ta sayar da tunkiya. Ba kuɗin burga ba ne. Mai shakka ya ajiye cikakkiyar lambar furosesan da aka yi masa tayi a ƙasa, mu karanta tare kafin ya biya. Ku tura wa abokin nan naku da ke shirin shiga kasuwa gobe.