Wa ya dace ya riƙe ragamar ƙungiyarku?

Idan kuna cikin ƙungiyar mata, ko ta manoma, ko kwamitin bankin cimaka, to wannan bayani ya shafe ku. A watan Janairu na 2025, shugaban Amurka Donald Trump ya dakatar da yawancin tallafin da ƙasarsa ke bai wa ƙasashen waje, a watan Yuli kuma aka rufe hukumar USAID. A nan gida, a ƙarshen 2025, hukumomin Nijar sun dakatar da ƙungiyoyi masu zaman kansu da dama, saboda ba su wallafa bayanin kuɗinsu na shekarar 2024 ba. Ke nan kuɗin waje ya ragu, bincike kuma ya ƙaru. Ƙungiyar da ba ta iya nuna inda kowace dala ta shiga, ba za ta yi nisa ba.

Ina matsalar take?

Sau da yawa, ɓarna tana somawa ne tun ranar zaɓe. Akan ba mutum shugabanci don ya fi kowa shekaru, ko don ɗan gidan sarauta ne. Shi kuma sai ya ɗauko ƙanensa ya ba shi ma'aji. Ku ɗauki misalin bankin cimaka. Aikinsa shi ne ya sayi hatsi da kaka yana da araha, ya sayar wa jama'a da rahusa idan damina ta kama. In shugaba ya rabar da hatsin bashi ga danginsa ba tare da rubutu ba, wa zai tuhumi surukinsa a bainar jama'a? Kunya ta rufe bakin kowa, rumbu ya wayi gari wayam a lokacin da aka fi bukatarsa.

Darasi daga Maraɗi

A shekarar 1991, ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi. Mata na haɗuwa kowane mako, su zuba kuɗi a asusu, su ba juna rance. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Ƙarfinsa yana cikin rabon aiki. Akwatin kuɗi kwado uku gare shi, makullan suna hannun mutum uku dabam-dabam, kuma mai ajiyar akwati ba ta riƙe ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai gaban taro, a ƙirga kuɗin kowa na gani.

Doka ma haka ta tanada. Dokar OHADA kan ƙungiyoyin gama-kai, wadda aka amince da ita a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, ta shafi Nijar. Ta ce ƙaramar ƙungiya, wadda mutum 5 ke iya kafawa, sai ta sami kwamitin gudanarwa, da wani kwamitin sa ido na mutum 3 zuwa 5 wanda babban taro ya zaɓa. Mai gudanarwa ba ya zama mai sa ido.

Ku nemo gwani a kowane fanni

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin zaɓe, ku jera ayyukan da ake bukata, sannan ku duba wa ya iya su. Malamin makaranta da ya yi ritaya ya iya rubuta rahoton taro. Ƴar kasuwa ta san farashin tiya a kowane wata, ba a cutar ta wajen saye. Tsohon malamin gona ya san yadda ake kare hatsi daga ƙwari. Matashin da ya iya lissafi zai riƙe littafin kuɗi. Wanda ba ɗan ƙungiya ba, ana iya gayyato shi ya ba da shawara.

Amma a yi hattara. Wanda ya zo daga birni yana jin Faransanci zai iya mamaye ƙungiya, har masu ita su koma ƴan kallo. Maganin wannan abu huɗu ne:

1. A ƙayyade wa'adin kowane shugaba, a rubuta shi.
2. Kada shugaba da ma'aji su fito gida ɗaya.
3. Kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum biyu.
4. A karanta rahoton kuɗi da Hausa gaban babban taro, aƙalla sau ɗaya a shekara.

Naku aikin

Karatun da kuke koya yana da amfani a nan. Ranar taro mai zuwa, ku nemi a kawo littafin kuɗi, ku karanta shi da idonku. Nawa ya shigo? Nawa ya fita? Wa ake bi bashi? Yin tambaya ba raini ba ne. Shugaba mai amana zai yi murna da ita, domin ita ce ke wanke shi daga zargi.