Askar da na saya a intanet ta ƙi cin gemu

Bidiyon TikTok ne ya ja ni. Wani mai aski a Turkiyya ya shafa wa mutum kumfa, ya buɗe aska mai naɗewa, ya ja sau ɗaya, sai ga kunci fes kamar na jariri. Na kalla ya fi sau goma. Kafin sati ya zagayo na tura wa wani mai sayar da kaya a Instagram kuɗin da ya isa data ta wata biyu, aka kawo min aska cikin kwali mai kyalli, an rubuta a jiki wai a shirye take da aski.

Ranar Juma'a na gwada. Wallahi ban taɓa jin azaba irin wannan ba. Ba yankan gashi take ba, tuge shi take yi. Na tafi masallaci da rabin gemu da jini ɗis-ɗis a haɓa, abokan ɗaki suna ta tambaya ko da mage na yi faɗa.

Abin da na fara yi shi ne abin da dukkanmu muke yi: na ɗau waya zan rubuta cewa an damfare ni. Akwai gaskiya a ciki, don mai kayan ya faɗi abin da ba haka ba. Amma daga baya na gane cewa sabuwar aska da ba ta ci ba abin mamaki ba ne. Masu araha irin Gold Dollar da ake ƙerawa a Sin kusan duk sai an wasa su kafin su yi aiki. Hatta masu tsada irin Dovo ta garin Solingen a Jamus, masu amfani da su da yawa sukan sake bi ta kan bakin kafin su kai fuska. Masana'anta ƙarfe take sayar maka, kaifin kuma aikin hannu ne.

Sai na ƙara ɓata lamarin. Na ari dutsen da ake wasa wuƙar kicin, na ɗaga bayan askar sama kamar yadda mahauta ke yi, na yi ta gurzawa. Ta ƙara dakushewa.

Wanzamin unguwarmu ne ya fitar da ni, dattijon da nake wucewa kullum yana zaune gindin darbejiya da zabirarsa, ko gaisuwar kirki ba na tsayawa yi. Ya juya askar, ya kalli bakin a hasken rana, ya ce, "Samari, wa ya yi mata wannan aika-aika?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya yi dariya har da tari.

Abin da ya nuna min ya yi daidai da abin da Turawa masu wannan sha'awa ke koyarwa. Irin wannan aska ba a ɗaga ta. Kwantar da ita ake yi a kan dutse, baya da baki duk su taɓa, don kaurin bayan shi ke ba bakin kusurwar da ta dace. A sa ruwa, a tura a hankali ba dannawa, a juya ta ta baya, a dawo. Duwatsun zamani lamba gare su: mai 1000 na gyara baki, sannan 4000, sannan 8000 mai laushi. Shi Baba ba ruwansa da lamba, da yatsa yake gane dutse. Daga nan sai fata, inda ake ja da baya a gaba, akasin yadda ake yi a dutse. Da ya gama ya ɗora a damtsena, gashi ya zube ban ji komai ba. Ya kuma faɗa min gaskiya cewa ƙarfen ba na kirki ba ne, zai riƙa sakin kaifi da wuri.

Ga abin da ke ci min rai. Mun mayar da wanzami abin barkwanci, mutumin kaciya da ƙaho da cire beli, amma in Bature ya yi abu iri ɗaya a bidiyo da kiɗa mai sanyi sai mu danna masa so mu tura wa abokai. Sana'ar da har sarauta gare ta, Sarkin Aska, mu ne muke jin kunyar a gan mu zaune a tabarmarta.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja: tsafta. Aska ɗaya a kan mutum goma hanya ce ta yaɗa ciwon hanta nau'in B, kuma goge ta da tsumma ba ya kashe ƙwayar cutar. Wannan ba raini ba ne, lafiya ce, kuma wanzamai da yawa sun koma reza sabuwa ga kowane kai saboda haka. Amma wannan hujja ce ta ka mallaki askarka kai kaɗai, kada ka ara wa ko abokin ɗaki. In kuwa ka mallaka, dole ka iya wasa ta, kuma wanda ya fi kowa iyawa yana bakin layinku.

In ba ka da haƙurin dutse da fata da shanya aska bayan kowane aski don kada ta yi tsatsa, sayi irin wadda ake sa wa rabin reza, ko ka tsaya a kilifarka. Ni dai ranar Asabar zan koma gindin darbejiya, Baba ya ce har yanzu hannuna yana da nauyi a kan dutse.