Gyaran Matashi Ba Ya Ƙarewa A Ƙofar Makarantar Ƙiru

A zangon mulkinta na biyu, tsakanin 2011 da 2015, gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa makarantar gyaran tarbiyya a Ƙiru, Jihar Kano, domin matasan da shaye-shaye ya ɗaiɗaita. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf kuma ta sa ta cikin cibiyoyin da ta ce za ta farfaɗo da su. Muna maraba da wannan. Sai dai abin da ya fi damun mu shi ne abin da ke biyo bayan yaye ɗalibi. Gini da katanga da malamai za su iya raba yaro da ƙwaya na wasu watanni, amma daga ƙarshe gida zai koma, kuma a yawancin ƙauyukan Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa babu wani ma'aikaci da aikinsa shi ne ya bi sawunsa.

Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan dawowa ya san yadda take. Yaro ya sauka daga mota ya yi ƙiba, fuskarsa ta washe, yana riƙe da takardar shaidar koyon sana'a. Uwa ta yi masa tuwo da miyar da yake so, amma kafin ya shigo ta riga ta ɗauke kuɗin adashinta daga ƙarƙashin katifa, domin ba ta manta da abin da ya faru bara ba. Uba ya amsa gaisuwa a taƙaice, idonsa na kan rediyo. Ƙannensa suna raɓe-raɓe. Da la'asar ya fita, majalisar da ya bari tana nan a gindin bishiyar da ya bar ta, mai sayar da kayan ma bai sauya wuri ba. Idan ya nemi aiki a ce ai ɗan ƙwaya ne, idan ya nemi aure a rufe masa ƙofa. Kafin wata uku sai ka ji ana cewa ai dama mai hali ba ya fasa halinsa, alhali babu wanda ya zauna da shi ko sau ɗaya ya tambaye shi yadda yake kwana.

Wannan giɓi shi ne gurbin jami'in walwalar jama'a da masanin halayyar ɗan Adam. Aikinsu ba wa'azi ba ne, ba kuma kame ba. Jami'in da ya san aikinsa zai zo gidan tun kafin a sallamo yaron. Zai zauna da uban a zaure, ya nemi izini ya gana da uwar ita kaɗai, domin abin da za ta faɗa a bayan idon mijinta daban yake. A nan ne yakan gano cewa shaye-shayen ya faro ne shekarar da aka saki mahaifiyar yaron, ko lokacin da aka cire shi daga makaranta aka tura shi ƙwadago. Zai nemo masa ubangida a wajen sana'a, ya riƙa leƙowa duk mako, ya kuma riƙe sirrin gidan. In yaron ya sake zamewa, kuma sau da yawa sukan zame, shi ne zai hana uba ya yi masa baki ko ya kore shi, ya fahimtar da iyali cewa zamewa ɗaya ba ita ce ƙarshen magani ba.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka fitar a 2019 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a Najeriya, a Jihar Kano kuma kashi 16 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64. Ɗaya daga cikin kowane masu shaye-shaye huɗu a ƙasar mace ce. An haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC da ya nuna halin da matasa ke ciki a cibiyar gyaran masu shaye-shaye ta Dorayi, amma tiramol da wiwi da sholisho ba su tafi ko'ina ba. Kuskure ne kuma a ɗauka ciwon birni ne. A karkara yaro yakan fara haɗiyar ƙwaya ne don ya jure wuni a fadamar shinkafa, ko a ramin haƙar ma'adinai irin na Riruwai, ko a kan babur. Da sunan ƙarin ƙarfi ake shiga.

'Yan mata kuwa nasu ya fi ɓoyuwa. A watan Yunin 2020 'yan sanda suka sanar da kama wani mutum a Kwanar Dangora bisa zargin yi wa mata 40 fyaɗe cikin shekara guda, har da yara ƙanana. Labarin kamun ya zagaya duniya. Muna tambaya: wa ya zauna da waɗannan mata da iyayensu bayan 'yan jarida sun watse? Cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka ci zarafinsu tana Asibitin Murtala, a tsakiyar birni. Haka nan babu mai zama da yarinyar da auren dole ko ciwon damuwa ya kai ta ga shan fiya-fiya. A wanke mata ciki a asibiti a mayar da ita ɗakin da ta so ta gudu daga cikinsa, iyali kuma su yi gum, domin ban da abin kunya, sashe na 231 na kundin Penal Code ya mai da yunƙurin kashe kai laifi. Muna goyon bayan masu neman a soke wannan sashe, domin yana korar iyali daga neman taimako a daidai lokacin da suka fi buƙatarsa.

Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, kuma na Kano suna birni da kewayensa, a Asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau. Magidanci daga Doguwa sai ya ratsa dajin Falgore, ya yi tafiyar sa'o'i da mara lafiyar da ba ya zama wuri ɗaya, ya biya kuɗin motar mutum uku, sannan a ce ya dawo bayan mako biyu. Shi ya sa ba ma gaggawar zargin iyayen da suka kai 'ya'yansu gidan mari. Abin da aka gano a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019, na sarƙa da duka da yunwa, zalunci ne, kuma rufe irin waɗannan gidaje daidai ne. Amma an rufe su ba a buɗe wa iyaye wata ƙofa kusa da su ba, sai sarƙar ta koma cikin gida inda babu mai gani.

Dokoki dai akwai su. An sa hannu kan dokar kafa majalisar kula da aikin walwalar jama'a ta ƙasa a 2022. A Janairun 2023 dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, a watan Mayun shekarar kuma Kano ta samu dokar kare yara. Ma'aikatan da za su kai waɗannan dokoki ƙauye ne babu.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu suna karɓar magani, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Mu ma muna da waɗanda jama'a ke fara kai wa kuka: mai unguwa, dagaci, liman, malamar Islamiyya, ungozoma, 'yan Hisba. Suna sulhu iya ƙoƙarinsu, Allah Ya saka musu. Abin da ya rage shi ne a koya musu gane inda nasiha da ruƙiyya suka tsaya, su san wanda za su miƙa wa yaro, wanda kuma zai ɗaga waya idan sun kira.

Don haka muna kira ga gwamnatin jiha ta ɗauki ƙwararrun jami'an walwala, maza da mata, ta ajiye su a manyan asibitocin ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, da babur da kuɗin mai, domin jami'in da ba shi da abin hawa zaman ofis kawai zai yi. A horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi su gane ciwon damuwa da alamun shaye-shaye, likitan ƙwaƙwalwa kuma ya riƙa zuwa Tudun Wada ko da sau ɗaya a wata. Makarantar Ƙiru kada ta sallami ɗalibi sai da sunan jami'in da zai bibiye shi tsawon shekara. 'Yan majalisar tarayya na mazaɓun Ƙiru da Bebeji da na Doguwa da Tudun Wada, da takwarorinsu na jiha, suna da kuɗin ayyukan mazaɓu da za su iya fara wannan aiki da su, kuma muna son ganin layinsa a rubuce cikin kasafin kuɗin shekara mai zuwa.