Wace manhaja ta dace da ɗan koyon kwamfuta a Tsiga?

Kaka ta yi kyau, an kai masara Funtua, kuɗi sun shigo. Sai yaro mai shirin JAMB ya tasa mahaifinsa gaba a saya masa kwamfuta, ko da ta hannu ce. Yana da hujja, don tun 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta kacokan.

Sayen ba shi ne wahalar ba. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafin da ya saba bai wa Windows 10, ita kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin tsofaffin injinan da ake jibgewa a kasuwa. Abin da ya rage wa mai saye shi ne Windows ta bayan fage, wadda sau da yawa takan zo da ƙwayar cuta.

Nan Linux ta shigo. Wani ɗalibi a Finland, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, kyauta, kowa na iya duba cikinta ya gyara. An daɗe ana cewa ta ƙwararru ce, masu buga umarni a baƙin allo. Wannan zance ya tsufa. Tun da Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da nau'in Linux mai suna Ubuntu a 2004, daga baya Linux Mint ta biyo, da linzami ake yin kusan komai. Kai, wayar Android da ke aljihun yaron ma a kan Linux aka gina ta, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Wanda bai taɓa riƙe Windows ba ai ba shi da sabon da zai warware. Buga rubutu da LibreOffice, shiga intanet, saba hannu da linzami kafin jarrabawa, duk tana yi, kuma ba ta nauyaya tsohon inji.

Sai dai ranar da firinta ta ƙi magana da kwamfutar fa? Yaron zai hau mota zuwa Bakori ko Malumfashi, kuma akasarin masu gyara maganinsu ɗaya ne: a goge, a zuba Windows. Ko a 2007, da aka yi cinikin ƙananan kwamfutoci 17,000 masu ɗauke da Mandriva Linux don makarantun Nijeriya, takaddamar da ta tashi ke nan, a bar ta ko a goge.

Akwai kuma batun sana'a. Wanda burinsa ya zauna shagon buga katin biki da kalandar siyasa, CorelDraw zai koya, ita kuwa a yanzu ba a yin ta don Linux. Wannan kam ya riƙe Windows. Amma ɗalibin da karatu ne gabansa, Linux Mint ta fi masa, muddin akwai malami ko yaya a kusa da ya san kanta. Ana iya gwada ta daga filash ba tare da an goge komai ba, yaron ya yini da ita kafin a yanke shawara.