Canjin Batir a Mota Mai Sola: Wace Waya Ake Fara Cirewa?



Makon nan wani Alhaji da ke zaune a Lome ne ya aiko mini da kuka. Ya sayi irin motar nan da Turawa ke yawon hutu da ita, mai gado da ɗan kicin a ciki, daga cikin tsofaffin motocin da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Shi kuwa ya mai da ita motar fatauci. In dare ya riske shi a hanya, ko ya tarar an rufe boda, sai ya kunna fanka ya kwanta, ba ruwansa da kuɗin masauki. Motar ta zo da farantin sola a rufi da batura biyu a ƙarƙashin kujera. Da baturan suka fara kasa kai shi asuba, ya sayo sababbi, ya sa yaron motarsa ya canja su da tsakar rana. Tun ranar na'urar caji ba ta sake kawo wuta ba. Tambayarsa: an cuce shi a batir ne, ko yaron ne ya yi ɓarna?

Alhaji, ban ga motar ba, amma daga bayaninka na fi zargin tsarin da aka bi. Yaron bai yi da mugunta ba, abin da ya saba gani a gareji ya yi. Mota mai sola kuwa tana da nata ladabi. Kuma da yake da yawa daga cikinku kun ɗora faranti a kan bas ko rumfar shago, amsar ta kowa ce.

Mu fara da bambance batura. Irin wannan mota tana da iri biyu. Akwai na tada inji, wanda aikinsa ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙu sannan ya huta. Akwai kuma na ɗaki, mai riƙe fanka da fitila da firji da cajin waya, yana ba da wuta kaɗan-kaɗan har gari ya waye. Ginin cikinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya sa batirin tada inji a gurbin na ɗaki saboda arha, ya tuna arha ba ta ado. In ana zuƙe shi kowane dare, 'yan watanni zai yi ya mutu.

To, me ya kashe na'urar Alhaji? Tsakanin faranti da batir akwai ɗan akwati da masu gyara ke kira kwantarola, shi ke daidaita wutar da ke shiga batir. Farantin da ake ce wa na bolt 12, in rana ta take, yana fitar da kusan bolt 18 zuwa 22. Kwantarola da batir take tashi, kuma daga gare shi da yawansu ke gane ko tsarin na bolt 12 ne ko na 24. In ka zare batir alhali faranti na ta turo wuta, ka bar ta da kaya ba wurin saukewa. Wata ta jure, wata ta rikice, wata ta ƙone. Shi ya sa ƙa'idar take haka: wajen kwancewa, faranti ne farko, batir ne ƙarshe. Wajen haɗawa, batir ne farko, faranti ne ƙarshe. Wannan kaɗai in ka riƙe, karatun yau bai tashi a banza ba.

Ga yadda aikin yake daga farko har ƙarshe.

Ka faka a inuwa, wuri mai iska, ka buɗe ƙofofi. Kashe inji, zare makulli. In motar na jone da wutar gari ko janareto, cire. Kashe inbata da duk abin da ke cin wuta.

Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka taɓa komai, ta gefe biyu ko uku. Kowa yana cewa zai tuna, sai an zo mayarwa ido ya raina fata.

Rufe faranti da bargo ko kwali mai kauri, sannan ka kashe makunninsa in yana da shi, ko ka cire wayarsa daga kwantarola. Ka naɗe bakin wayar da salatif na wuta. Mafi sauƙi ma, ka yi aikin da sassafe ko bayan la'asar sakaliya.

Sai batir. Baƙar waya, mai alamar ragi, ita ake fara cirewa. Dalili kuwa, a mafi yawan motoci baƙar tana haɗe da bodi. In ka fara da ja, sifana ta goce ta taɓa ƙarfen mota, ka haɗa kawunan batir biyu ke nan ta hannunka. In baƙar ta riga ta fita, ko sifana ta taɓa bodi ba abin da zai faru. Bayan baƙa sai ja, ita ma a naɗe bakinta. Wajen mayarwa a juya: ja farko, baƙa ƙarshe. A ɗaure noti da kyau, don kai mai lako-lako zafi yake yi. Kwantarola ta kawo wuta, ka ga ta nuna batir, sannan ka mai da wayar faranti ka yaye bargo.

A nan bari in tsaya kan zobe. Mu mutane ne masu son zoben azurfa da agogon ƙarfe. Bolt 12 ba ya jan mutum kamar wutar gari, shi ya sa ake raina shi. Amma batir yana iya tura ɗaruruwan amfiya a lokaci guda in ya sami ƙarfe. Ina da tabo a yatsana na dama tun ina koyon aiki: zobe ya shiga tsakanin sifana da bodi, kafin in fizge hannu ya yi zafin da ya ɗebe fata. Tun ranar, zobe da agogo aljihu suke shiga kafin in ɗauki sifana. Kar kuma a ajiye sifana ko sukundireba a kan batir, ko na minti ɗaya.

Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, ba ta da launi ba ta da wari, kuma in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Saboda haka ba taba, ba ashana, ba risho a kusa. Ruwan cikinsa kuma asid ne. In ya fantsama a jiki ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, ido kuwa a wuce asibiti ko da zafin ya lafa. Wanda ya zube a ƙasan mota, ruwan kanwa na kashe kaifinsa, amma kanwa ba ta ido ba ce. In za a ƙara wa batir ruwa, tataccen ruwan batir ake sawa, ba na leda ko na rijiya ba, ba kuma sabon asid ba.

Yanzu maganar saye, inda kuɗi ke zurarewa. Kar a haɗa sabo da tsoho. Tsohon zai riƙa jan sabon ƙasa har su zama ɗaya, ka yi biyu babu. In biyu ne, a canja su tare, iri ɗaya, girma ɗaya. A kuma lura da yadda aka haɗa su tun asali. Batura biyu masu bolt 12 da 100Ah, in an haɗa ja da ja, baƙa da baƙa, sun zama bolt 12 da 200Ah. In an haɗa jan wannan da baƙar wancan, sun zama bolt 24 da 100Ah. Wanda ya ba firji mai bolt 12 wutar 24, ya yi masa sallama. Hoton nan da ka ɗauka, nan yake amfani.

Ga ɗan lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Batir mai 100Ah a bolt 12 yana ɗauke da wat 1,200 na awa ɗaya. Amma mai darma, ko na ruwa ne ko na jel, rabi kawai ya kamata ka ci in kana son ya yi ƙarko, wato 600. Fanka mai cin wat 30 ta yi awa 10, ta cinye 300. Ka ga saura 300 na fitila da waya da firji. Da ƙaramar mita za ka san inda kake: bayan batir ya huta ba caji ba aiki, kusan 12.7 cike yake, in ya sauko wajen 12.2 ya kai rabi, a ɗaga masa ƙafa. Kuma a kasuwa ka ɗaga shi ka ji. Mai darma na 100Ah na gaskiya yana kai kilo 25 zuwa 30. In ka ji shi sakayau, rubutun jikinsa ya fi cikinsa.

Masu tambaya kan litiyam, irin wanda ake rubuta wa LiFePO4: nauyinsa bai kai rabin na mai darma ba, ana iya cin kashi 80 cikin 100 nasa ko fiye, kuma ya fi daɗewa. Sai dai ba a cire wannan a dasa wancan kawai. Dole a sauya saitin kwantarola zuwa litiyam, in tsohuwa ce da ba ta da saitin a canja ta. In kuma injin mota na caja shi a kan tafiya, sai an sa na'urar da ke iyakance wutar a tsakani, don yana iya zuƙar wuta har altaneta ta yi zafi ta lalace. Wannan aikin gwani ne, ba na yaron mota ba.

Abu biyu da ake yawan mantawa. Na farko fis. A sa shi a jan waya dab da batir. Inbata mai wat 1,000 tana jan sama da amfiya 80 daga batir mai bolt 12, siririyar waya ba fis kuwa gobara ce ke jiran rana, a motar da kake barci ciki da jarinka. Na biyu zafi. Batir mai darma ya fi son digiri 25, kuma kowane ƙarin digiri 10 na iya rage rabin kwanansa. Ku da ke Injamena da Marwa da Yamai kun san abin da watan Afrilu ke yi. A ba shi wuri mai iska, nesa da inji, a ɗaure shi kar ya riƙa tsalle a gargada.

Sai uwargida, wannan naki ne. Tsohon batir kar ya kwana a tsakar gida, kar yara su mai da shi kujera, kar kuma a bar wani ya fasa shi ko ya narka darmarsa a unguwa. A Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 suka rasu saboda gubar darma daga fasa tsofaffin batura a cikin unguwa. Mu ma ba mu manta Zamfara ba a 2010, inda darmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe ɗaruruwan yara. Guba ɗaya ce, kuma wanda bai mutu ba tana taɓa masa ƙwaƙwalwa. A mai da batir ga dilan da ya sayar da sabon, a tsaye, ba a zubar da ruwansa ba. Sau da yawa ma ana rage maka kuɗi. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauki yaro ko ya sa hannu a kwano.

Alhaji, kafin ka sayi sabuwar kwantarola, ka cire faranti, ka cire batir, ka duba fis ɗin da ke tsakaninsu, ka jira 'yan mintuna, sannan ka haɗa batir shi kaɗai. Wani lokaci rikicewa kawai ta yi ko fis ne ya yanke. In ba ta farfaɗo ba, to sai sabuwa. Yaron kuma kar a ci masa albashi, a koya masa. Ka aiko mini da yadda ta kaya.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.